A kan ɗanyen tumatir ka kori 'yarka daga lambu?

Na ga bidiyon nan da ake ta yaɗawa, na kuma ga masu yaba wa uban wai ya iya tarbiyya, kuma wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar da ba ta wuce shekara uku ba ta tsinko ɗanyen tumatir a lambun bayan gidansu, ta kawo maka da hannu biyu tana murna, kai kuma ka daka mata tsawa har jikinta na rawa, ka ce kada ƙafarta ta sake taka wurin, sannan ka ɗora wa duniya ta gani. Haba malam! Ka kori 'yarka daga wurin da ya fi ko'ina amfani gare ta a gidan.

Don wa aka yi lambun? Fangali huɗu ko biyar a bayan ɗaki ba sa ciyar da gida shekara, duk wanda ya taɓa yi ya sani. In ka lissafa ruwa da taki da iri da lokacinka, sau da yawa saye ya fi sauƙi. To a gidan da akwai ƙananan yara, babbar ribar lambun tana wajensu. In ka kore su, ribar ka kora.

Yarinyar nan kai take kwaikwayo. Kullum tana ganinka ka sunkuya kana tsinka, ita ma ta tsinka. Ba ta san ja ake cira a bar kore ba, don ba wanda ya tsuguna ya nuna mata. Ko an nuna mata yau, gobe za ta manta, sai a sake nunawa, haka renon yaro yake. Tumatir yana cin wata biyu ko fiye bayan dashe kafin ya nuna. Yaron da bai gama rarrabe gobe da jibi ba, ta yaya zai jira wata biyu? Ka ware mata ɗan gefe guda ya zama nata. Ka ba ta wake, ƙwayarsa babba ce, yatsunta za su iya riƙewa, kuma cikin mako guda ya tsiro ta gani da idonta. Ka bar mata latas, wanda in an tsinki ganyen gefe yake sake tohowa. Karas kuwa, ai kai da kanka dole ka rage tsiron in ya yi cunkoso, to ka kira ta ku tuge tare. Hannun da kake kira mai ɓarna, aiki yake nema.

Iyayen nan da ke tafa wa uban, su ne gobe za su zo suna kukan yaro ba ya cin ganye. Tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara suna ƙyamar abincin da ba su saba da shi ba, wani sai an kawo masa abu sau goma ko fiye kafin ya yarda ya kai baki. Amma kokwambar da ya yi wa ban-ruwa da ɗan kofinsa, ya taɓa ta, ya shinshina, ya ga girmanta, ta riga ta zama sananniya kafin ta zo faranti. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 2 zuwa 5 yana buƙatar aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana. Tun 2019 kuma ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki kullum, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya. Ga wuri a bayan gidanka da yake ba da duka wannan kyauta. Ka kore ta daga can, ina za ta koma? Wayar uwarta.

Masu cewa ƙasa datti ce, akwai ruwa da sabulu. A wanke mata hannu in ta fito, a yanke mata farce, a sa mata takalmi, a bar taki ya ruɓe sosai kafin a zuba, a tabbatar ta samu rigakafinta. Magana ta ƙare. Masu cewa ai uban ya sha wahala, na yarda ya sha, amma tumatir ɗin nan in ya fara sauya launi ko a ɗaki aka ajiye shi zai nuna, kuma shukar za ta sake yin wasu. Masu cewa in ba a tsawata ba yaro zai lalace kuma, ba wanda ya hana a ce “bari”. Akwai bambanci tsakanin “bari, zo ki ga wanda ya nuna” da “kada in sake ganinki a nan”. Ta farkon ta koya mata tumatir, ta biyun ta koya mata cewa in ta kawo wa babanta abu, tsawa za ta sha. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a bidiyon, don yarinyar kyauta ta kawo.

Tunda ma ana maganar lambu, bari in faɗi abin da ya kamata a yi wa tsawa a kai. Masu juye maganin ƙwari a robar lemo su jingine ta a gindin katanga, don Allah ku daina. Yaro bai iya karatu ba, robar da ya saba sha a ciki kawai yake gani. A bar magani a mazubinsa na asali, a kulle shi sama inda hannu ba ya kai. Haka bokitin ban-ruwa da ake bari cike a buɗe: yaro mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai in an kwatanta da jikinsa, in ya leƙa ya kife ciki ba ya iya fitowa, kuma ba a jin ihunsa. In an gama ban-ruwa a zubar da sauran a kife bokitin, duro kuma a yi masa murfi mai nauyi.