Rage ƙibar jego, tsakanin Kano da Birmingham

Ni dai tun da na dawo Ingila da zama, abin da yake tsaya min a rai shi ne yadda ake kallon jikin mai jego. A gida mace ta haihu burin kowa ta yi ɓulɓul kafin arba'in, in ta koma ɗakinta ba ta yi kumatu ba a ce gidansu ba su iya jego ba. Kunun kanwa safe da yamma, farfesu, gasasshen nama da yaji, tuwo malmala biyu, ga shayi mai kauri ya sha madara da sukari, kuma ba a barinta ta ɗaga ko tsinke. A nan kuwa sati uku da haihuwa yarinya tana zaune ita kaɗai a ɗaki ba uwa ba goggo, tana duba Instagram tana ganin wasu har ciki ya lafe, sai ta fara tsallake abinci tana odar shayin rage tumbi, ga jariri a nono. Wallahi duka biyun suna ba ni tsoro amma na nan ya fi.

Shayin nan da yawansu ganyen filasko ne a ciki, gudawa kawai zai sa ki, ruwan jikinki ne yake tafiya kitsen yana nan, kuma mai shayarwa ruwa take buƙata. Bel ɗin ɗaure ciki ma bai narkar da komai, kina cirewa ya dawo. Shi kansa nonon yana cin wajen kalori 500 (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) a rana, shi ya sa likitoci suke cewa rabin kilo a sati ya isa, kuma a bari sai an yi dubawar sati 6 zuwa 8 da ake yi wa kowace mai jego a nan, nono ya zauna, jini ya tsaya, wadda aka yi wa tiyata kuma ta ƙara haƙuri sai likita ya ce to.

Abin da ya burge ni da unguwarzomar nan Ingila, da na haihu ta zo har gida ba ta tambayi kilo ba, cewa ta yi kina cin abinci, kina barci, kina riƙe fitsari? Ta koya min motsa jikin matse ƙasan mara, ta taɓa cikina ta ga ko naman tsakiya ya rabu, don in ya rabu kika kama atisayen ciki mai ƙarfi ƙara buɗewa zai yi. Ta ce in riƙa shan bitamin D kullum tunda daga hasken rana jiki yake samunsa, a nan kuwa rana ba ta wadata ba.

Mu kuma abin da muke da shi wanda su ba su da shi mutane ne, a dafa miki a yi miki wanki a riƙe miki yaro ki runtsa, kuma rashin barci kansa yana sa cin zaƙi. Gyara kawai jegonmu yake so. Kanwar nan a rage ta sosai, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, wadda ta ga ƙafa na kumbura ko numfashi na sarƙewa ta tafi asibiti, ba ƙiba ba ce. A bar mata wake, ƙwai, kifi, zogale, kunun gyaɗa ba sukari da yawa, a janye lemon kwalba da cincin.

Sannan ku magidanta, kai ne kake cewa Maman Abba kin fa yi ƙiba, to karɓi yaron nan minti 30 bayan la'asar ta sa hijabinta ta zaga unguwa, kuma wata 6 na farko da jaririn yake kan nono zalla don Allah ka bar zancen tumbin nan.