Ranar da na sayar wa 'yan unguwa fainal ɗin Fenerbahce

Ni fa tun farko sai da na faɗa wa Yaya ban san ƙwallo ba. Na san Messi, na san Ronaldo, na san in aka ji ihu daga rumfa to wani ya ci wani, iyakata kenan. Amma goman ƙarshe ta azumin 2023 ta shigo, shi kuma ya ɗaura niyyar i'itikafi, yaron da ke tsare masa gidan kallo ya gudu ƙauye tun kafin sallah ta zo, sai kawai ya damƙa min makulli da rimot da jarkar fetur yace wai ba wani aiki bane, ka duba waya ka ga wasan da za a yi, ka rubuta a allo, ka karɓi kuɗi, ka tada janareta, shikenan. Nace toh Yaya, Allah ya karɓi ibada.

Kwanakin farko lafiya lau. Sai ranar Lahadi 16 ga Afrilu, ranar da Arsenal ta je gidan West Ham ta zura biyu tun da wuri, 'yan Arsenal na ta tsalle da bakin azumi suna cewa kofi ya zo gida, sai ga Saka ya ɓarar da fenariti aka tashi 2-2. Benci ɗaya dai a ranar ya rasa ƙafa. Bayan nan Man United ta ci Nottingham Forest 2-0, rumfa cike taf, leda ta yi nauyi, ni kuma na ji daɗin kuɗin nan sai zuciya tace min me zai hana ka nemo wani wasan na dare ka nuna wa Yaya kai ma ɗan kasuwa ne. Kwaɗayi dai.

Na shiga waya ina lalube sai idona ya faɗa kan wani abu, fainal, Fenerbahce da Mersin, yau ɗin nan, a birnin Prag. A sama an rubuta EuroLeague da wata kalma a gabanta, to gilashin wayata a daidai wurin ya tsage tun da ta faɗi a Kantin Kwari, ban damu in karkata ta in karanta ba. Ni dai na ga Yuro, na ga fainal, na ga Fenerbahce, kuma ko ni da ban san ƙwallo ba na san nan Okocha ya taka leda, nan Emenike ya yi. Na ɗauki alli na rubuta da manyan baƙi FAINAL YUROFA, na ja layi biyu a ƙasa, na ƙara kuɗin shiga daga 100 zuwa 150 saboda ai fainal ba wasan yara bane.

Wani ɗan Man U da ya fito yana tafiya gida shan ruwa ya tsaya ya karanta, ya sake karantawa, yace "Malam wace Yurofa? Ai Sevilla ta kori Fenerbahce tun watan Maris, mu ne ma muke fama da Sevilla ɗin yanzu, ranar Alhamis muka yi 2-2 da su." Wallahi da mai hankali ne ni da a nan na goge allon. Sai na gyara tsayuwa nace ai ƙara suka shigar aka dawo da su. Yace to fainal a watan Afrilu? Nace Turkawa ne duka biyun, matso musu da shi aka yi saboda su yi sallah a gida. Ya kalle ni ya kalli allon yace ikon Allah, ya tafi ya yaɗa wa unguwa.

Ana shan ruwa mutane suka dinga shigowa, wasu da ƙosai a leda wasu da kofin kunu a hannu, har Baba mai shayin bakin layi da ban taɓa ganin ya bar teburinsa ba ya bar wa yaronsa ya shigo ya zauna a gaba. Lokacin ba a gama farfaɗowa daga wahalar canjin kuɗi ba, kusan rabi taransifa suka yi, kuma asusun Yaya ne a manne a bango. Ku riƙe wannan.

Na bi tashoshin dikoda ɗaya bayan ɗaya babu. Gumi ya fara keto min. Can na samo shi a YouTube, na sayi data da kuɗin aljihuna, na jona waya da talabijin, hoto ya ɗan yi juyi ya buɗe. Ba ciyawa. Katako ne fes yana sheƙi kamar falon gidan gwamna. Nace talla ce, yanzu za a wuce. Baba mai shayi ya matso da fuska yace "ɗan nan, wannan filin me ya sa aka yi masa rufi?" Kafin in samo ƙaryar da zan yi sai ga 'yan wasa, mata, dogaye irin tsawon da sai ka ɗaga kai, ana dungura wata ƙwallo ruwan lemo da hannu. Sai a lokacin na karkata wayar na karanta kalmar da ke ƙarƙashin tsagar gilashi. EuroLeague Women. Gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin mata na Turai.

Rumfar nan ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar janareta. Wani daga baya yace "hannu! ai hannu ne wannan!" wani yace ina golan, wani dattijo yace a'uzubillahi a goman ƙarshe, ya miƙe ya fita, mutum wajen goma suka bi shi, suka tsaya a ƙofa suna jiran kuɗinsu. Masu tsabar kuɗi na mayar musu. Masu taransifa nace kuɗinku na wurin Yaya, Yaya na masallaci, wayarsa a kashe sai an ga wata. Ɗan Man U ɗin nan bai ce komai ba, ya harɗe hannu kawai yana kallona yana gyaɗa kai, wallahi gara ya zage ni.

Wanda ya cece ni wani dogon yaro ne da ke zuwa atisayen kwando a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kullum ana tsokanarsa a rumfar ana ce masa falwaya. Ranar ya samu sarauta. Ya miƙe yace ku tsaya mana, wannan fa shi ne Champions League ɗinsu, kuma Fenerbahce ba ta taɓa ɗauka ba, ko bara ma a Istanbul gaban mutanensu Sopron ta Hungari ta doke su a fainal. Yace biyar biyar ake yi, kwata huɗu minti goma goma, in kun riƙe ƙwallo daƙiƙa 24 ba ku jefa ba an ƙwace, in ka jefa daga bayan wancan layin mai lanƙwasa maki uku ne. Aka ce ofsayid fa? Yace babu. Wani ɗan Arsenal yace to wannan wasan adalci ne.

Abinka da 'yan kallo, tunda kuɗi ya maƙale sai aka zauna a ci kuɗin. Kuma abin ya fara shiga rai, don mutanen da suka saba zama minti 90 a tashi ba ci, ga shi nan kafin ka kurɓi kunu an ci, kafin ka ajiye kofi an rama. Akwai wata Ba'amurkiya a Fenerbahce, Breanna Stewart, ita ba ta san wasa ba, ta jefa daga nesa ta shiga, ta kutsa ciki ta shiga, a ture ta a ba ta jifan kyauta ta shiga. Baba mai shayi ya kasa riƙe sunan sai ya sa mata Doguwa. Duk ta karɓi ƙwallo sai ka ji yace "ba ta Doguwa, ba ta Doguwa!" alhali tana hannun Doguwar. Da aka nuno kocinsu aka ga ita ma mace ce tana ta nuni da hannu a bakin fili, yaron yace 'yar Sabiya ce, Marina Maljkovic, Baba yace wannan ko gidan kishiyoyi huɗu aka ba ta za ta daidaita shi. Tazara na ta buɗewa, sai ɗan Man U ya juya wajen 'yan Arsenal yace kun gani ko, haka ake yi in an ja gaba, ba a bari a farke. Saura kaɗan benci na biyu ya tafi.

Ni kuma lissafina daban. Da na ji kwata huɗu minti goma goma nace minti 40 ne, fetur ɗin da ya rage zai kai har da canji. Ba wanda ya gaya min agogonsu tsayawa yake duk aka busa usur. Minti ɗaya sai ya haifi 'ya'ya. Mersin ta nemi hutu, Fenerbahce ta nemi hutu, a canza wannan a dawo da waccan, ni ina leƙa tanki da fitilar wayar wani. An shiga kwata ta ƙarshe, Fenerbahce ta haura casa'in, rumfa gaba ɗaya ta koma abu ɗaya, ɗari! ɗari! ɗari! har waɗanda suka tsaya a ƙofa suna jiran kuɗinsu sun dawo ciki suna taya ihu, sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu.

Duhu. Na fizge wayata daga jikin talabijin, mutum sama da ashirin suka rufu a kaina ana leƙen gilashin da ya tsage, wani na taka min ƙafa wani numfashinsa duk albasar ƙosai, netwok kuma ya zaɓi lokacin ya fara juyi. Da ya dawo an gama, ana ta rungume-rungume. Fenerbahce 99, Mersin 60. Doguwa ita kaɗai 35.

Baba yace ina ɗayan? Nace wane ɗaya Baba. Yace na cikon ɗari mana. Nace ai a haka aka tashi. Yace ƙarya ne, da wutarka ba ta ɗauke ba da yarinyar nan ta cika shi. Kuma wallahi rumfar nan kaf suka goya masa baya, har dogon yaron da ya san gaskiya ya yi shiru ya bar ni.

Daren sallah Yaya ya fito ya kunna waya, alat na 150, 150 suka dinga shigowa a jere, ga mutum shida a ƙofar gida suna jiransa da rasit a waya. Ya saurari kowa ya biya su, ya juyo ya kalle ni ya buɗe baki zai fara, sai ga Baba mai shayi ya leƙo yace "Alhaji barka da fitowa, an sha ibada. Dan Allah in Doguwa za ta sake wasa a rubuta a allo da wuri, kuma a cika tanki."