Ƙannena masu karatun abinci, wa zai ci abin da kuka binciko?

Da ku nake, 'ya'yan Hausawan Legas da Allah ya kai jami'a kuna karanta kimiyyar abinci da gina jiki. Wata ƙanwata a nan Agege ta kawo mini kundin digirinta in duba. Aikin ya yi kyau, a kan kunun yaye ta yi shi. Na ce mata, iyaye mata nawa kika zauna da su kafin ki rubuta? Ta yi shiru. Na ce to wa kika nuna wa sakamakon bayan malaminki? Ta ce tsoro take ji kada a sace mata. Tun ranar abin yake cin raina, domin ba ita kaɗai ba ce.

Ku dubi gishirin da ke kicin ɗinku. Iyayenmu sun san maƙoƙo, sun ga mata da wuya a kumbure, wasu har ana cewa jifa aka yi musu. Masana suka gano ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci. Amma da sun rufe binciken a durowa, da har yau ana fama. Sai da suka bi gwamnati da kamfanonin gishiri da UNICEF, aka wajabta sa aidin a gishiri a 1993, hukumar NAFDAC ta riƙa bin kasuwa tana gwadawa. Haka aka yi da bitamin A a fulawa da sukari da man girki a 2002. Yau yaushe rabonku da ganin yarinya mai maƙoƙo a Idi-Araba ko Obalende?

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na abincin tamowa, wannan na leda da ake ba yara a asibiti. Da can madara ake damawa, ita kuwa tana buƙatar ruwa mai tsabta, dole a kwantar da yaro makonni, uwa ta bar gida da sauran 'ya'ya. Wani likitan yara Bafaranshe, André Briend, ya san abin da jikin yaron yake nema, amma bai san yadda za a sarrafa shi a masana'anta ya daɗe bai lalace ba. Bai ji kunya ba, ya haɗa kai da Michel Lescanne, masanin sarrafa abinci. A 1996 suka fito da haɗin gyaɗa da madarar gari da sukari da mai, wanda ba a zuba masa ruwa, uwa ta ba ɗanta a ɗakinta. Da yunwar 2005 ta faɗa wa Nijar, da shi aka yi jinyar dubban yara a Maraɗi. Gyaɗa fa, wadda kakanninmu suka tara dalarta a Kano! Ilimin mutum ɗaya bai isa ya mayar da ita magani ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma Allah ya ajiye ku inda ƙofofi suke kusa. Cibiyar binciken masana'antu ta tarayya, FIIRO, tana Oshodi, can aka haɗa akamu da waken suya don yaran yaye. Cibiyar binciken lafiya ta NIMR tana Yaba. Cibiyar binciken noma ta IITA tana Ibadan, inda aka haɗa gwiwa da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike a jihar Abiya aka fitar da rogo mai ruwan ɗorawa mai bitamin A a 2011. Mutum nawa ne a cikinku ya taɓa zuwa ya yi sallama ya ce a koya masa?

Kuna da abin da yawancin masu binciken ba su da shi: harshen Hausa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. 'Yan'uwanmu ne. Matar da ba za ta faɗa wa baƙo cewa mijinta ya rage kuɗin cefane ba, ke za ta faɗa miki idan kin zauna a tabarmarta kin ce mata Inna. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ga mai wannan ilimi ya ƙare a TikTok yana tallar haɗin ƙiba da shayin rage tumbi, babu gwaji, babu tsoron Allah.

Ƙanwar tawa dai na ce ta koma kasuwar Mile 12 ta tambayi kuɗin gero da gyaɗa da waken suya, ta lissafa nawa kunun nata zai ci a mako. Ta dawo ta ce ya fi ƙarfin matar mai tura baro. Yanzu tana rage kayan haɗin, ita da wata ungozoma da mata shida na Islamiyyarsu, su suke ɗanɗanawa suna gaya mata wanda yaro ya sha da wanda ya tofar.