Abokina ya ɗauko mini mota, washegari ya turo lissafi

A nan Kolumbos ta jihar Ohayo a Amurka akwai wata ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin motoci da nake zuwa. Duk Asabar da sassafe ake haɗuwa a filin ajiye motoci na wani babban kanti. Yawancinsu dattawa ne da suka yi ritaya. Kowa ya buɗe bonet ɗin motarsa, ya baje kujerar lanƙwasa, kofin kofi a hannu ɗaya, tsumman goge ƙura a ɗayan. Za ka ga motar 1965 tana walƙiya har kana iya duba fuskarka a jikinta, mai ita kuwa zai tsayar da kai ya ba ka tarihin kowane noti. Ni kaɗai ne baƙar fata a mafi yawan lokuta, amma ban taɓa ganin wulaƙanci ba.

Da na samu wata Peugeot 504 a wani ƙauye a Fensilbaniya, wadda ta shekara da shekaru a rumbu ba ta tashi, ɗaya daga cikin dattawan nan ya ce kada in damu, yana da Ford F-250 da tirelar ɗaukar mota, zai kai ni. Muka tafi tun duhun asuba. Ya jawo ta bisa tirela da winci, ya ɗaure kowace taya da nata ɗamarar, muka yi ɗan nisa ya tsaya ya sake jan su ɗaya bayan ɗaya. A hanya ya ba ni labarin matarsa da ta rasu, ni ma na ba shi na mahaifina. Na sayi abincin rana. Na kwanta a daren nan ina cewa na yi uba a ƙasar nan.

Washegari sai ga saƙo a waya. Adadin mil na zuwa da dawowa, kowane mil santi 70, kuɗin tol na babbar hanyar Fensilbaniya, da wani ɗan ƙari na cin tayar tirela. A ƙasa ya rubuta cewa bai sa kuɗin lokacinsa ba saboda ni aboki ne, in turo ta Zelle, manhajar tura kuɗi ta waya, idan na samu sarari.

Na biya a take, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ba cuta ta ya yi ba, wannan dole in faɗa. Santi 70 ɗin nan ba shi ya ƙirƙira ba, shi ne abin da hukumar harajin Amurka ta ƙayyade a 2025 a matsayin kuɗin tafiyar mil ɗaya da motar mutum, a 2024 santi 67 ne. Kuma babbar mota mai jan tirela ta fi haka ci. Da kamfani ne, da ya karɓi fiye da haka nesa ba kusa ba. Su 'yan ƙungiyar a wurinsu wannan magana ce da ake zama a yi ta a fili. Wasu na cewa kuɗin mai kawai ya halatta tsakanin 'yan ƙungiya. Wasu na cewa a ƙirga mil ɗin da tirela ke ɗauke da kaya, wasu su ce ai dawowa fayau ma mai take sha. Akwai kuma tsoron doka: da zarar ka ci riba ya zama sana'a, inshorar motar gida yawanci ba ta biyan ɓarna idan ɗaukar haya ka yi, kuma idan nauyin mota da tirela ya kai fam 10,001 kana tsallaka jihohi don kuɗi, sai ka yi rajista da ma'aikatar sufuri ta tarayya. Shi ya sa suke manne wa lissafin abin da aka kashe, ba ƙari ba ragi.

Duk na gane. Amma ku da kuke Zariya kun san yadda abin yake. Vespa ko tsohuwar Marsandinka ta mutu a Kwangila ko wajen Jaji, ka kira mutuminka, ya zo da igiya ko a-kori-kura. Ka ce nawa za a bayar, ya ce haba don Allah, kada ka sake. Kai kuma ka san aikinka: a tsaya gidan mai ka cika masa tanki, ka ba yaron mota na goro. Ba wanda ya rubuta komai, amma ba wanda ya manta. Ranar sunan ɗansa kana can tun kafin a raba goro. Shi dattijon nan da na tura masa kuɗinsa, shi ke nan an rufe littafi. Ba ya bi na, ba na bin sa. Asabar ta gaba muka gaisa kamar yadda muka saba, kamar ba mu taɓa yin hirar matattunmu ba.

Na san za a ce mini ina magana ne daga inda ake da wuta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Wanda ya jawo maka mota daga Kano zuwa Zariya, kusan kilomita 150, ya ce ka bar shi, wataƙila cefanen gidansa na mako ya ƙone a hanya, kunya ce ta hana shi magana. Akwai kuma marasa ta-ido da ke mayar da motar aboki tasu. Gaskiya ne. Sai dai gyaran wannan yana wuyan wanda aka yi wa alheri, shi ya kamata ya san farashin mai ya biya tun ba a tambaye shi ba. Ban yarda sai mun koma aika wa juna takardar bashi ba.

Abin da ya sa ma na nemi 504 tun farko, ta mahaifinmu ce ke raina. Haɗin Kakuri ce, daga kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975, kuma tana nan a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, tayoyi sun sace, yara na wasa a kanta. Kwanaki na yanke shawarar a kai ta wajen wani makanike a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. Na kira wani da muka yi firamare tare, yanzu yana da janwe. Muka sha hira, ya tambayi iyali, sannan ya faɗi kuɗi. Na ce, “Mutumina, motar Baba ce fa, wadda ta sha kai mu makaranta.” Ya yi dariya ya ce, “Alhaji, kai da kake cin dala?”

Ƙanena ya je Kwangila ya tambayi wani mai janwe da bai san mu ba. Abin da ya faɗa bai kai rabin na abokina ba. Shi Baturen aƙalla ya nuna mini yadda ya yi lissafinsa, mil da mil. Nawa na gida lambar wayata ya duba ya yanka farashi.

Motar tana nan inda take. Na ce wa ƙanena bayan Sallah ya koma ya yi ciniki da kansa, ya ce tasa ce, kada ya kuskura ya ambaci sunana.