Fim ɗin da ya sa ka dariya a kan mutuwa, kada ka yi saurin kiransa shirme

Akwai irin fim ɗin da mutum kan gama kallo yana ƙyalƙyala dariya, sai can daga baya kunya ta kama shi. An mutu a ciki, an tafka asara, amma an tsara abin yadda dariyar ke kuɓuce maka ko ba ka so. Da yawa sukan ce shirme ne kawai, a wuce wurin. Ni ban yarda ba, ko da yake ba kowane shirme nake karewa ba.

A duba Dr. Strangelove, wanda Stanley Kubrick ya fitar a 1964, bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba na Oktoban 1962, lokacin da saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyet su jefi juna da nukiliya. Daga wani littafin Peter George aka ɗauko labarin, littafin da babu raha a cikinsa, kuma shi Kubrick ma fim mai ɗaure fuska ya yi niyya da farko. Yana cikin rubutu ya lura cewa abubuwan da yake cirewa don gudun kada a yi dariya, su ne suka fi kusa da gaskiya. Sai ya bar su.

Ga wuri guda da ba na mantawa. Wani janar na Amurka ya zautu, ya tura jiragen yaƙi su kai wa Sobiyet hari. Hafsan da ya gano kalmar sirrin da za a dawo da su yana neman shugaban ƙasa ta wayar da ake saka wa silalla, amma canjin aljihunsa bai kai ba. Ya roƙi wani kanar ya harbi injin sayar da Coca-Cola a kwashi na ciki. Kanar ya yi jim, ya ce ai dukiyar kamfani ce, ya kuma ja masa kunne cewa in abin bai yi ba, hafsan ne zai yi wa kamfanin bayani. Duniya na shirin ƙonewa, shi kuwa tsoronsa kada a ce ya taka doka.

Ba sai ka yi haƙa kafin ka tarar da ma'ana a nan ba, a cikin wautar take zaune. Kanar ɗin ba mugu ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Mutum ne da aka horar ya bi ƙa'ida har ya manta dalilin da ya sa aka kafa ta. Da malami ne ya tsaya yana wannan bayani, da rabin masu sauraro sun yi gyangyaɗi. Da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma wawan a nan har da mu masu kallo.

Sai dai akwai masu wuce gona da iri, waɗanda ko kalar rigar jarumi sai sun ce ishara ce ga wani abu. Wani fim ɗin jini ne kawai da ashar, ba komai a ƙarƙashi. Abin da nake dubawa shi ne wa ake yi wa dariyar: wanda aka zalunta, ko mai ikon da ya jawo bala'in? Charlie Chaplin, wanda ya yi wa Hitler shaƙiyanci a The Great Dictator a 1940, ya rubuta daga baya cewa da ya san ainihin abin da ke faruwa a sansanonin 'yan Nazi, da bai iya yin fim ɗin ba. Ashe shi ma ya san akwai inda dariya ke tsayawa.

Fim ɗin Kubrick dai da sanarwa yake buɗewa, cewa rundunar sojin saman Amurka ta ce matakan tsaronta ba za su bari irin wannan ta faru ba. A Janairun 1966 wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ya yi karo da jirgin da ke ba shi mai a sama, bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo a yankin Palomares na ƙasar Sifen. Allah ya kiyaye, babu wanda ya tashi da ƙarfinsa na nukiliya, amma biyu sun tarwatse sun gurɓata gonakin mutane.