Sun san adireshina, amma sanarwa sai su binne ta a gazet

Shekara uku na yi ina fama da wani ɗan makullin famfo da na ƙera, mai tsayar da ruwa da kansa idan tanki ya cika. Na zana, na goge, na sake zanawa, sannan na shigar da takardun neman haƙƙin mallakar ƙirƙira da hannuna, don ba ni da ƙarfin ɗaukar lauya. Duk wannan wahalar saura ƙiris ta bi ruwa saboda sanarwa guda ɗaya da ofishin rajistar ya ce ya fitar, ni kuwa ko mai kama da ita ban gani ba.

Ashe sun canza fom ɗin da ake haɗawa da kuɗi. Ni na aika da tsohon, kan kari, har da sauran kwanaki. Bayan makonni sai ga wasiƙa: ba a karɓa ba, wa'adi ya wuce, sai na biya tara in ina son takarduna su ci gaba da rai. Na buga waya jikina na rawa. Amsar da na samu ita ce, ai an buga a gazet, wato mujallar sanarwar ofis. Na kwana ina lalube har na gano ta, can tsakiyar wani dogon fayil, da ƙananan haruffa: an soke sakin layi na biyu na ƙa'ida kaza, an maye gurbinsa da abin da ke cikin rataye. Wa abin ya shafa? Me zai sami wanda bai bi ba? Ko kalma ɗaya babu. Abin da ya fi ƙona mini rai, shafinsu na jagorar masu nema, wanda na bi layi-layi, har ranar tsohon fom ɗin yake nunawa. Wato bakinsu biyu, na saurari ɗaya, suka hukunta ni da ɗayan.

Ban ce gazet ba ta da amfani ba. Yarjejeniyar Faris kan kare ƙirƙire-ƙirƙire da alamun kasuwanci, wadda aka fara ƙullawa a 1883, ta wajabta wa ƙasashen da ke cikinta buga mujallar hukuma a kai a kai. Ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka na fitar da tasa kowace Talata tun 1872. Ofishin Turai da ke Munik na fitar da jerin takardun da aka wallafa kowace Laraba, da mujallar dokoki wata-wata. Hukumar WIPO a Janeba, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, kuma yawanci ranar Alhamis take wallafa takardun da aka shigar ta tsarin ƙasa da ƙasa, wato tsarin da takarda ɗaya ke buɗe maka ƙofar ƙasashe da yawa. A zamanin da sai an ɗora takarda a jirgin ruwa, wannan babban aiki ne. Amma yau ofishin da ke riƙe da imel ɗina, da lambar fayil ɗina, da ranar da kowane wa'adina zai cika, ya ce in je in tono labarin da ya shafe ni cikin ɗaruruwan shafuka? Wannan jifa ne a duhu, kuma kan talaka yake sauka.

Harkar nan gaba ɗayanta lissafin kwanaki ce. Wata 12 gare ka daga ranar da ka fara shigar da takarda ka nemi kariya a wata ƙasa da fifikon ranar farko. A tsarin ƙasa da ƙasa, yawancin ofisoshi wata 30 suke bayarwa ka kai takardarka ofishin kowace ƙasa da kake so. A Turai, mai son ƙalubalantar haƙƙin da aka ba wani wata 9 kacal yake da shi, kuma daga ranar da aka ambaci bayarwar a mujalla ake fara ƙirga, ya gani ko bai gani ba. A Amurka ana biyan kuɗin raya haƙƙi a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi, da ƙarin wa'adin wata 6 idan ka biya tara, daga nan haƙƙin ya mutu. Littafin aikin ofishin ma ya faɗa ƙarara cewa tunatar da kai ba wajibinsu ba ne. Kuma ƙa'idar ƙirgar kanta tana canzawa. A ofishin Turai an daɗe ana ɗaukar wasiƙa ta iso bayan kwana 10 daga ranar da ke jikinta, sai aka soke wannan daga 1 ga Nuwamba 2023. An sanar, babu musu, kuma manyan lauyoyi sun shirya tun da wuri, don suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan, karanta mujallu. Mai ƙirƙira da ke aiki shi kaɗai, ya saba ƙara kwana goma a kalandarsa, wa zai taɓa masa kafaɗa?

Ga rashin adalcin da ya tsaya mini a wuya. Doka ta ce dole in bayyana ƙirƙirata sarai, cikakke, yadda duk masanin fannin zai iya yin ta daga karanta takardata. Sashe na 83 na yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ƙirƙira haka ya ce, sauran ƙasashe ma suna da irinsa. Kalma ɗaya ta yi duhu, mai binciken takardu na ofis zai dawo mini da ita. Bayan wata 18 a baje sirrina duniya ta karanta. Na yarda, cinikin ke nan. To me ya sa wanda ke auna ni da wannan ma'auni ba ya auna kansa da shi?

Bayan an wallafa takardata, wata wasiƙa ta zo mini mai hatimi kamar na hukuma. Ga sunana, ga lambar fayil, ga kuɗin da zan biya da manyan baƙaƙe, ga rana, ga asusu. Cikin minti ɗaya na gane duk abin da ake so in yi. Ta 'yan damfara ce, masu tsintar sunaye daga gazet. WIPO da ofishin Turai duk sun daɗe suna gargaɗi a kansu. Na riƙe ta a hannu ɗaya, sanarwar ofis a ɗaya hannun, takaici ya cika ni. Ɓarawo ya ɗauki wahalar nemo ni ya yi mini magana yadda zan gane, hukumar da nake biya ba ta yi ba.

Ba abu mai wuya nake roƙo ba. Duk canjin da ya taɓa wa'adi ko kuɗi ko fom, a aika wa kowane mai fayil a buɗe, a layi uku: wa ya shafa, daga yaushe, me za ka rasa. A gyara jagora ranar da aka gyara doka. Idan kuwa shafin ofis ne ya ɓatar da mutum, ofis ya ɗauki laifinsa ya yafe tarar.

Ni dai na biya tawa. Na rubuta musu kan shafin jagorar har sau biyu, na haɗa da hoton tsohon fom ɗin da ranar da na ɗauke shi, kuma har yanzu ina jiran amsa.