Shaidar da ba ma ji a majami'unmu na Legas

Salama a gare ku 'yan'uwa, musamman mu da muke sujada da Hausa a nan Legas, daga Agege zuwa Obalende, daga Mile 12 zuwa barikin Ojo. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita.

Ku lura da lokacin shaida a majami'unmu. Wannan ya tashi ya ce Ubangiji ya ba shi aiki a kamfani, waccan ta ce ɗanta ya samu biza, wani ya sayi fili a Ikorodu, wani an yi masa ƙarin girma. Mu tafa, mu yi guɗa, mawaƙa su ɗauki waƙa. Ban raina ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa yawo da takardu a garin nan yana neman aiki ya san abin godiya ne, kuma kowace kyakkyawar baiwa daga wurin Allah take. Sai dai shaidun nan duk a kan abin da ya shigo hannunmu suke. Da wuya ka ji wani ya tsaya gaban jama'a ya ce, "Da ina ƙara kuɗi a kan sayayyar maigidana, Yesu ya raba ni da halin nan." Ko wata ta ce ta biya bashin da ta yi shekaru tana wasan ɓuya da mai shi. Ko magidanci ya ce ya daina ɗaga wa matarsa hannu. Yaranmu suna zaune a benci suna saurare, abin da suke tafiya gida da shi kuwa shi ne, aikin bangaskiya cika aljihu ne. Ranar da aljihu ya ƙi cika, sai yaro ya ce ko addu'arsa ce ba ta isa sama, ko cocinmu ce ba wuta, ya kama yawon neman inda ake sayar da mai da ruwan albarka.

Abin ya fi damuna a Legas domin a gida akwai idon jama'a. A Kagoro ko Langtang, a Biliri ko Michika ko Zuru, idan ka ci amanar mutum da safe, kafin la'asar labari ya kai kunnen mahaifiyarka, ranar Lahadi kuma dattawan ikilisiya su ce ka tsaya bayan an tashi. Mutum yana iya girma a haka yana tsammani tsoron Allah ne ke riƙe da shi, alhali kunyar mutane ce. Sai ya sauka daga mota a Iddo, ya shiga garin da ba wanda ya san sunan ubansa, sannan ainihin abin da ke cikinsa ya fito.

Matsin kuma gaskiya ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Kuɗin danfo, wato motar haya ta Legas, kuɗin shinkafa, kuɗin gas duk suka bi bayanta. Kafin nan, a watan Yunin 2022, gwamnatin jiha ta hana acaba kwata-kwata a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Island da Mainland, daga baya ta ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Samarinmu da yawa da babur ɗin nan suke ciyar da iyaye a ƙauye. Mai gida yana son hayar shekara dunƙule, ejan yana son nasa, ana kira daga gida ana cewa taki ya yi tsada. A irin wannan hali ne zuciya take raɗa wa mutum cewa Allah ma ya san Legas ce, zai fahimta.

Mutanen da suka je wurin Yahaya Maibaftisma a bakin Urdun su ma ba cikin daɗi suke ba. Romawa ne ke mulkinsu, haraji ya yi musu katutu. Ku buɗe Luka 3:10-14 ku ga amsar da ya ba su sa'ad da suka tambaye shi me za su yi. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su ƙwace wa kowa abinsa, kada su ƙulla wa kowa sharri, su dangana da albashinsu. Bai ce wa soja ya tuɓe kaki ba, bai ce wa mai haraji ya bar teburinsa ya koma jeji ba. Kowa ya mayar da shi bakin aikinsa, ya ce can za a ga tubansa. Mu da muke da 'yan'uwa masu yawa a bariki, sojoji da 'yan sanda, ayar nan tamu ce kai tsaye. Ɗan'uwan da ya rera waƙa a gaba ranar Lahadi, idan Litinin ta same shi a shingen hanya, direban danfo da ke gabansa shi ne zai san ko waƙar ta shiga jini.

Akwai wani baba a ikilisiyarmu, mutumin Filato, gadi yake yi a wani gida a Lekki. Matarsa ce ta ba mu labarin a taron Zumuntar Mata ta coci, ita ma sai da aka matsa mata. Gidan janareto ne ke riƙe da shi, jarka-jarka ake sayen dizal. Tun kafin a ɗauke shi aiki akwai tsarin da aka saba: direba ya sayo lita 80 a rubuta 100, a raba rarar tsakanin direba da kuku da maigadi, tunda maigadi ne ke sa hannu a littafi cewa kaya sun shigo. Ranar farko da aka miƙo masa rabonsa a ninke cikin takarda, ya dubi direban ya ce, "Ɗana, mayar da shi aljihunka. Abin da na ƙirga shi zan rubuta." Bai kai ƙarar kowa ba, bai tsaya wa'azi ba, ya ɗauki biro ya rubuta 80. Daga ranar kuku ya daina ajiye masa abinci. Aka daina amsa gaisuwarsa. Aka kai wa uwargida tsegumi wai yana barci a bakin aiki, har ta yi masa faɗa a gaban yara. Ba a ƙara masa ko kwabo ba, masu gidan har yau ba su san abin da ya faru ba, kuma ɗaki ɗaya yake zaune da iyalinsa kamar da. Amma direban nan, idan yana tara kuɗin hayarsa, a hannun Baba yake ajiyewa, domin a duk gidan ba shi da wanda ya yarda da shi sai mutumin da ya ƙi karɓar rabonsa. A wurina wannan shaida ce da ta isa a tsayar da sujada a saurara.

Haka wata 'yar'uwa mai sayar da wake da gero a Agege. 'Yan kasuwa sun san yadda ake bubbuga gindin gwangwanin derika ya lotsa ciki, ko a ajiye biyu, na saye daban na sayarwa daban. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ta karanta, ta jefar da lotsattsen gwangwaninta, ribarta ta ragu. Alhajin da ke sauke mata kaya daga Dawanau Musulmi ne, bai taɓa shiga coci ba, amma buhu yake ba ta bashi ba tare da rubutu ba. Maƙwabtanmu Musulmi da muke harshe ɗaya da su a kasuwannin nan ba sa jin wa'azin fastonmu, cinikinmu suke gani, da shi kuma suke auna sunan da muke ɗauke da shi.

Idan da samu ake auna bangaskiya, to tushen da yawancinmu muka fito daga ciki asara ce zalla. A watan Disamban 1893 samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a nan Legas da niyyar kai bishara Arewa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a garin nan. Sauran biyun suka nausa ciki, kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Sai a 1902 aikin ya samu wurin zama a Patigi, daga cikinsa ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Kakanninmu da suka fara ba da gaskiya a Wase da Numan da Garkida ma ba su ga mota ko bene a dalilin haka ba, wasu har korarsu aka yi daga gida. Abin da aka gani a jikinsu shi ne halinsu ya sake, sun koyi karatu domin su karanta Maganar Allah da kansu, musamman bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Gadon da suka bar mana ke nan.

Yanzu na zo inda ya fi ci mini rai, kuma da mu mata nake. 'Yan matan nan da ake kwasowa daga ƙauyukanmu a kawo su aikatau Legas, su wa ke kawo su? Sau da yawa 'yar coci ce, mai ɗaura zanen Zumunta. Za ta je gida hutun Kirsimeti, ta samu gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ta ce, "Mama, ba ni yarinyar nan in sa ta a makaranta." Uwa ta yi murna ta sa albarka. A iso Legas a miƙa yarinyar wani gida, albashinta ya riƙa shiga asusun wadda ta kawo ta, uwar a tura mata ɗan abin da ya samu. Makaranta kuwa shiru. Wasu kuma a gidajenmu suke. Yarinya ta tashi ƙarfe huɗu na asuba ta ɗora ruwa, ta yi wa 'ya'yanmu wanka, ta ɗauki jakarsu ta raka su makarantar da ita ba ta shiga, ta kwana a tabarma a kicin. Ranar Lahadi ita ce a waje da goyo tana jijjiga jariri, mu muna ciki hannu a sama. Na ga irinsu a ƙofar majami'a, silifas ɗaya ya tsinke an ɗaure da waya, kunnenta yana wajen waƙar da ake rerawa ciki, bakinta yana bi a hankali domin ta san ta tun daga gida.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, jihar Legas kuma tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007. Amma mai bi bai kamata ya jira hukuma ba. Yakubu 5:4 ta ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta ce a biya matalauci ladan aikinsa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin a kai ya sa zuciyarsa. Kolosiyawa 4:1 ta tuna wa iyayen gida cewa su ma suna da Ubangiji a Sama. Ta yaya za mu kawo zakka da baiko gaban bagade alhali a cikin kuɗin akwai gumin marainiya? Wace addu'ar buɗi za mu kwana muna yi wa 'ya'yanmu, mu da muka toshe wa 'yar wani hanya?

Na san za a ce ai taimakon yarinyar ake yi, a ƙauye ma yunwa ce. Akwai gidajen da da gaske taimako ne, na san waɗanda suka riƙe 'yar wani har ta gama sakandare, ta koyi ɗinki, suka yi mata aure kamar tasu. Allah ya sāka musu. Gane bambancin ba wuya. A tambayi yarinyar ajin da take, a tambaye ta inda take kwana, a tambaye ta ko ta san nawa ake biya da sunanta.

Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya sauka a gidansa a Yariko, ya tashi tsaye ya ce rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan, kamar yadda yake a Luka 19. Ceto kyauta ne, ta wurin alheri, ba wanda ya isa ya saye shi da aikinsa. Amma inda ya sauka da gaske, wanda aka cuta yana cikin na farko da za su sani, domin hakkinsa zai dawo hannunsa.

Roƙona ga shugabannin Zumuntar Mata da dattawan ikilisiyoyinmu na Hausa a Legas, ko ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN ko LCCN, shi ne kowace majami'a ta buɗe littafi. A rubuta sunan duk yarinyar da 'yar ikilisiya ta kawo daga gida ko take riƙe da ita, da shekarunta, da ƙauyensu, da lambar wayar iyayenta, da makarantar da take zuwa ko sana'ar da take koyo. A zaɓi iyaye mata biyu masu riƙon amana su riƙa kai ziyara, su zauna da yarinyar ita kaɗai. A haɗa kai da faston ƙauyen da ta fito, domin uwarta ta san inda 'yarta take. Wadda ta ci albashin yarinya kuma a kira ta gefe cikin ƙauna, ba tare da tozarci ba, a zauna da ita a yi lissafin watannin, a tsara yadda za ta biya ko da kaɗan-kaɗan ne, kuɗin ya shiga hannun mai shi.